Fenti a Bakin Tagar Inna Uwani

Duk wanda ka tambaya a Gyaɗi-Gyaɗi wane ne Isyaku ɗan Alhaji Mu'azu, abu ɗaya zai ce maka: ɗan halak ne. Masu kanti sukan ce bai taɓa wuce su a kan babur ɗinsa bai ɗaga hannu ba. Limamin layin yakan ce tun da mahaifinsa ya rasu, Juma'a ba ta wucewa bai aiko da ƙosan sadaka ba. Dattawan da ke zama a dakali bayan la'asar kuwa, da tsohuwar motar ubansa suka fi kafa hujja. Dillalai sun yi sintiri a kanta, maƙera sun zo suna son ƙarfen, har wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, ya taso daga Fagge ya taya, Isyaku ya ce abin da ubansa ya so ba na sayarwa ba ne. Dattawa suka ce irin ɗan da ake roƙon Allah ke nan.

Ba wanda ya taɓa tambayar Husaina, matarsa, wadda ita ke durƙusawa tana share kashin kaji a ƙarƙashin motar tun da aka kawo ta gidan tana amarya.

Motar tsohuwar Marsandi ce baƙa, irin mai zagayayyen baya, sitiyarinta a dama, ta kafin canjin hannu. Alhaji Mu'azu ya saye ta zamanin da yake awon gyaɗa. Da ya sami fili a Gyaɗi-Gyaɗi ya shigo da ita tsakar gida ana cikin gini, washegari ta ƙi tashi. Magina ba su jira ta ba, suka zagaye gidan da katanga, suka bar zaure wanda jaki mai mangala ma sai ya karkace yake wucewa. Aka ce za a gyara in an sarara. Alhaji ya rasu ba a sarara ba. Tayoyi suka sace, aka ɗora ta a kan bulo, kaji suka mai da kujerar baya wurin ƙwai. Kowace shekara Isyaku sai ya shafa goshinta ya ce bana in sha Allahu.

A farkon 1975 kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo hannun ma'aikata, Isyaku kuwa akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati. Abokansa suka sayi sababbin Fijo, wasu suka sake babur. Shi sai ya je ya ɗauko Gbenga, wani bakanike haifaffen Sabon Gari, ya nuna masa motar. Gbenga ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce a fasa katanga a ja ta zuwa gareji. Isyaku ya ƙi. Ya ce a gareji ake sace kayan mota, kuma ba zai bari unguwa ta ga ana jan motar ubansa da igiya kamar mushe ba. Ranar da za ta fita, da ƙafarta za ta fita, tana sheƙi. A nan za a yi komai.

Nan ɗin kuwa shi ne bakin tagar Inna Uwani.

Inna Uwani ita ta haifi Isyaku, shi ne ɗanta na fari. Saboda haka tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, bai dawo gabanta ba sai da gemu. In za ta ambace shi sai ta ce "mai gidan nan", in ta ƙosa ta ce "wancan". Kullum da safe yakan tsaya a bayan asabarin ƙofarta ya ce an tashi lafiya, ta ce lafiya lau, ya wuce. Ko goro ba ta taɓa roƙonsa ba. Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba, "tsohuwa" yake cewa in zancenta ya taso. Haka aka rene ta, kuma ba wanda ya ga aibu a ciki, har Husaina, wadda ita ma ba ta kiran sunan babbar 'yarta.

Tsohuwar tana da fuka tun tana budurwa. Ƙirjinta kan toshe, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar tsagaggiyar sarewa. Abin da ke riƙe da ita shi ne inuwar darbejiyar tsakar gida. Nan take shimfiɗa tabarma tun hantsi, tana kaɗi ko tsintar wake, ta sha iska har magariba.

Ranar da aka fara aiki Gbenga ya ɗaga kai ya dubi darbejiyar, ya ce reshen nan zai ɗauki inji. Aka rataya sarƙa, aka zaro injin aka bar shi yana lilo daidai inda tabarmar take zama, baƙin mai na ɗiga a ƙasa. Inna ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Gidan na kulle ne, ga maza sun cika tsakar gida daga safe zuwa yamma, don haka ita ma Husaina ɗaki ya zama nata. Girki sai da sassafe, sai kuma in sun tashi. Bazara ce, kwanon rufi ya ɗauki zafi kamar tanda.

An ce aikin 'yan kwanaki ne. Kwanakin suka zama makonni, don kayan irin wannan mota sai an aika Ikko. Da aka haɗa injin aka mayar, sai aka shiga gwada shi. Bakin salansa yana kallon ƙofar Inna. Injin ya yi tari ya mutu, a sake tayarwa, ya tofar da hayaƙi shuɗi mai kauri, Gbenga na taka totur yana kasa kunne, Isyaku na gefe da kayan ofis a jikinsa yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Husaina daga ɗakinta tana jin tari iri biyu, na injin da na surukarta. Na injin kaɗai ake tsayawa a saurara.

Husaina ta sami Isyaku bayan ya ci abinci, ta ce Inna fa ta daina kwanciya, a zaune take kwana ta jingina da bango, don in ta miƙe numfashi ɗaukewa yake. Ya tambaye ta ko tsohuwar ce ta aiko ta. Ta ce a'a.

"To, kin gani. Yau da safe na gaishe ta, ta ce lafiya lau."

"Malam, yaushe ta taɓa ce maka wani abu ban da lafiya lau?"

Ya ce ta cika ƙorafi. Fuka ba yau ta fara ba, kowace bazara sai ta motsa, ba mota ta kawo ta ba. In da abin ya dame ta da ta faɗa, ai a gidan ɗanta take, ba baƙuwa ba ce. Ya ce a sayo ƙwaya a kemis, ya koma kan wata 'yar fitilar baya da yake gogewa da bakin rigarsa.

Husaina ta koma wajen Inna, ta roƙe ta ta yi masa magana ko da sau ɗaya ne. Tsohuwar ta daɗe tana neman iskar da za ta amsa da ita.

"'Yar nan, ni in buɗe baki in ce masa me? Motar ubansa ce. Ki ƙyale shi ya gama."

Husaina ta ce to ta dawo ɗakinta, ita da yara sa yi shimfiɗa a ƙasa. Inna ta kau da kai, ta ce ba ta kwana a ɗakin da mai gidan nan yake shiga. Akwai wani ɗaki ɗaya kusa da zaure, can nesa da motar, tagarsa na kallon titi. Amma a ciki aka jera kujerun motar da aka sake wa jar fata, da gilasai, da ƙarafan ado da aka wanke suna ɗaukar ido. Husaina ta nemi a kwashe su a mai da Inna can. Isyaku ya ce fata ba ta son rana, ga kaji, ga ɓera, in gilashi ɗaya ya fashe kuma ba a samun irinsa a ƙasar nan. Ta yi haƙuri, kaɗan ya rage.

Wannan "kaɗan ya rage" Husaina ta ji shi har ta daina ƙirgawa.

Bayan inji sai masu walda, don ƙasan motar duk ya ruɓe. Suka zo da tukunyar gas ɗinsu mai warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, suka yi ta ƙona ƙarfe. Bayansu sai masu kankara, suka bi jikin motar da samfefa suna cire tsatsa da tsohon fenti. Wata jar ƙura mai laushi ta riƙa bi ta tsagar taga tana sauka a kan jeren kwanukan Inna, a kan darduma, har cikin kofin kununta. Ta daina salla a tsaye. Daga nan ta daina gama kunun. In Husaina ta kama hannunta za ta zuba mata ruwan alwala, sai ta ga farcen ya yi duhu.

Da abin ya ishi Husaina, ta aika Tarauni a kira Hadiza, autar Inna, wadda ke aure can. Hadiza ta shiga ɗakin ta fito da hawaye, ta tare yayanta a zaure ta ce ya ba ta uwarta ta tafi da ita har a gama. Gidansu na Tarauni ginin ƙasa ne, bayansa gonaki, iska ba ta yankewa. Isyaku ya ce ba shi zai yanke wannan ba, sai an ji ta bakin Baffa Shehu, ƙanen mahaifinsu.

Baffa Shehu ya zo, amma motar ya fara gaisarwa. Ya zagaya ta yana taɓa ta da sanda, yana ba Gbenga labarin yadda suka taɓa zuwa Nguru a cikinta da marigayi, rairayi har gindin ƙofa ba ta kafe ba. Sai da ya gaji sannan ya zauna ya saurari Hadiza. Ya ce uwa a gidan babban ɗa take zama, ba a gidan suruki ba. In aka ga an fita da ita an kai ta Tarauni, gobe gari zai ɗauka Isyaku ya kasa riƙe uwarsa, kuma wannan abin kunya har kabarin Alhaji zai kai. Tarin tsufa ne, a yi mata rubutu, a samo mata hayaƙi wajen mai magani. Husaina tana bayan labule ta cije leɓe. Hayaƙi ne kaɗai gidan bai rasa ba.

Don ya nuna adalci, Baffa ya taka har ƙofar Inna, Isyaku na tsaye a bayansa, ya ɗaga murya ya tambaye ta ko tana son tafiya. Ta ga ƙafafun ɗanta ta ƙarƙashin asabari. Ta ce duk yadda aka yi daidai ne. Baffa ya juyo ya buɗe hannuwa, ya ce to kun ji da kunnenku. Hadiza ta koma Tarauni ita kaɗai.

Sai ga Inuwa mai fenti da injin feshinsa. Ya ce babban maƙiyin fenti ƙura, don haka ba shara, ba daka, ba hura wuta sai ya tashi. Aka kai yara maƙwabta kada su taɓa jikin motar. Sannan ya ce sai an yi mata rumfa a rufe ta ruf. Aka kafa itatuwa, aka zagaye gefe uku da tamfol. Gefe na huɗu bangon ɗakin Inna ne, ba sai an ɓata tamfol ba. A ƙarfen tagarta ma aka ɗaure igiyar. Tagar ta koma cikin rumfar, ita da motar.

Husaina ta yi magana daga bayan labule, ta ce akwai mara lafiya a ɗakin nan. Inuwa ya ce shi inda aka nuna masa yake aiki, uwar gida ta yi wa mai gida magana. Ya dai taimaka ya cusa buhu a tsagar tagar. Da injin ya fara huci, warin ya ratsa buhun kamar babu shi. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, mai kama maƙoshi, wanda ko mai lafiya in ya shaƙa sai kansa ya sara. Ga ɗakin yanzu ba taga, ba haske, sai zafi.

Inuwa da abokin aikinsa sukan ɗaure hanci da hankici. In sun fesa kaɗan sai su fito zaure su sha iska, kowa ya huda gwangwanin madara ya kwankwaɗe. Isyaku ne ke kawo madarar da kansa kowace safiya kafin ya wuce ofis. Wata safiya Husaina ta tare shi yana jera gwangwanayen a kan dakali.

"Madarar nan ta mece ce, Malam?"

Ya ce ta masu aiki ce. Fenti yana cin ƙirji, Inuwa ya ce in ba su sha ba kwanciya za su yi.

"Ashe ka sani. Su masu ƙirjin samari, da hankici a hanci, suna fita suna shan iska. Ita fa?"

Ya tsaya yana duban gwangwanayen. Husaina ta ɗauka maganar ta shige shi. Sai ya ɗauki ɗaya ya miƙa mata, ya ce ta kai wa tsohuwa.

Ta riƙe gwangwanin. Ta so ta ɗaga tamfol ɗin ta jefi motar da shi. Ta ce masa in shi ba zai kai ta Tarauni ba, ita za ta goya ta ta kai ta. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce duk ranar da ta taka zauren nan ba da izininsa ba, ta san sauran. Saura shafi ɗaya a gama, shafi ɗaya tak, kada ta tayar masa da fitina a kan abin da ya kusa wucewa. Husaina ta tuna 'ya'yanta, ta haɗiye maganar, ta ji haushin kanta ya fi na kowa. Ta kai madarar. Inna ba ta iya sha ba. Ta tura gwangwanin ƙarƙashin gado, ta ce a ce masa an gode.

Shafin bai zama ɗaya ba. Da ya bushe Isyaku ya haska shi da tocila ya ga 'yan ƙuraje a saman motar, ya ce a kankare a sake. Aka kankare, aka sake.

Ranar shafin ƙarshe ya ɗauki hutu a ofis don ya gani da idonsa. Bayan azahar injin feshi na ta huci, shi yana cikin rumfar da hankici a hancinsa. Husaina tana ɗakin Inna, ta jiƙa zane ta rataya a tagar, tana yi mata fifita da faifai. Tsohuwar ta dafa gwiwoyi, bakinta a buɗe, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, ƙarar sarewar ma ta daina fita. Can sai ta ture hannun Husaina. Ta kama bango ta miƙe, ta bi shi har ƙofa, ta ɗaga asabari ta fita ba mayafi. Husaina ta biyo ta tana kiran Inna, Inna. Tsohuwar ta ja ƙafa har bakin rumfar, ta kama tamfol ta yaye.

Inuwa ya ce ƙura, ƙura za ta shiga. Isyaku ya juyo a fusace zai tambayi wane ne, ya ga mahaifiyarsa.

"Isyaku."

Inuwa ya saki abin feshin. Abokin aikinsa ya kashe injin. Husaina ta ji tsigar jikinta ta tashi, don ba ta taɓa jin sunan nan a wannan muryar ba, shi ma mai sunan bai taɓa ji ba.

"Isyaku, ni na haife ka. Ka bar ni in sha iska."

Gwiwoyin tsohuwar suka saki. Ta miƙa hannu neman madafa, tafinta ya sauka a ƙofar baya ta motar, a kan ɗanyen fenti, ya zame. Husaina ta tare ta kafin kanta ya bugi ƙasa. Da ta ɗago ido neman taimako, ta ga inda idon mijinta ya fara zuwa. Bai daɗe a can ba, ƙiftawar ido ce, amma ta gani. Shaidar hannun ya fara duba.

Ga mota a tsakar gida, injinta lafiya lau, ba ƙofar da za ta fita. A tabarma aka ɗauki Inna aka karkata ta ta zaure. Husaina ta bi su, ba ta nemi izinin kowa ba. Wata akori-kura da ta sauke wa maƙwabta itace aka tsayar, aka shimfiɗa tsohuwar a baya cikin ɓawon itace, aka nufi asibiti.

Da likita ya tambayi abin da ta shaƙa, Isyaku ya fara cewa ai fuka ce tun da can. Husaina ta katse shi ta faɗi komai, tun daga salansa har tamfol. Inna ta daɗe a gadon asibiti da robar iska a hanci. Ta rayu, amma an gaya musu huhun ba zai koma yadda yake ba. Daga yanzu ko tsakar gida za ta ƙetare sai ta huta a hanya. Ranar sallama ta kama hannun Hadiza ta ce ta kai ta gidanta. Husaina ta kwashi yaranta ta bi su jinya. Sanar da Isyaku kawai ta yi.

A Gyaɗi-Gyaɗi aka fasa katanga, aka sa ƙyauren ƙarfe. Motar ta fito da ƙafarta, baƙa wuluk, mutum na ganin fuskarsa a jikinta. Dattawan dakali suka miƙe suna shafa ta suna sa albarka, wani har da ƙwalla, ya ce kamar Alhaji Mu'azu ne zai buɗe ƙofa ya fito. Da aka tambayi tsohuwa, aka ce ta je Tarauni ganin jikoki.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Husaina ta ji odar mota a ƙofar gidan su Hadiza, ta ji yara na ihu. Ta leƙa ta zaure. Ba motar ta tsaya kallo ba, ƙofar baya ta duba. Santsi kawai, ba ko alama. Tsohuwar na kwance da robar iska a hanci aka kira Inuwa ya dawo ya gyara wurin.

Isyaku ya yi sallama ya shigo da babbar riga. Inna tana gindin tsamiya a kan tabarma, an tokare ta da matasai, ta rame har zanen ya yi mata yawa. Matan gidan suna bakin murhu, surukar Hadiza na kan turmi a zaune. Ya doshi tsamiyar. Bai kai rabi ba Inna ta fara tari, ta dafe ƙirji. Husaina ta sha gabansa.

"Tsaya nan. Warin yana jikinka."

Ya shinshina hannun rigarsa. Ya cire babbar rigar ya ajiye a kan randa, ya cire hula. Tarin bai tsaya ba sai da ya ja da baya har gindin rumbu, can ƙarshen tsakar gidan. Daga nan ya yi gyaran murya, ya ce wa Hadiza ta gaya wa tsohuwa ya zo ɗaukarta. An share gindin darbejiya, an shafe ɗakinta da farar ƙasa, an buɗe taga. Ga mota a waje, a gaba za ta zauna, kamar zamanin Alhaji.

Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa, tana hutawa tsakanin kalmomi, Hadiza ta sunkuya ta ji, ta ɗago.

"Ta ce a ce wa mai gidan can an gode. Ta ce ko zamanin Alhajin ba ta taɓa shigarta ba."

Ya sosa ƙeya. Ya ce wallahi da an gaya masa abin ya kai haka, da ba a kai ga haka ba. Kullum yana tambaya ana ce masa lafiya lau. Shi ba likita ba ne, kuma Baffa ma ya zo ya ji da kunnensa.

Husaina ba ta ɗaga murya ba, amma duk gidan ya ji ta.

"An gaya maka, Malam. Na gaya maka, Hadiza ta gaya maka da kuka, tarinta ya gaya maka dare da rana. Ka san ita ce kaɗai ba za ta faɗa ba, shi ya sa ita kaɗai kake tambaya. Kunyar da ta ji maka tun ranar da ta haife ka, da ita ka fake. Sai da ka sa ta fito ba mayafi ta kira sunanka a gaban mazan waje. Ubanka da ke kabari ba ya bukatar mota. Wannan da ke raye iska kawai ta nema. Shaidar hannunta ma ka sa an goge."

Ba wanda ya motsa. A waje wani yaro ya sami hanyar danna odar, ta yi ƙara, ta sake yi. Isyaku bai waiwaya ba. Ya durƙusa a gindin rumbun, gwiwa biyu a ƙasa, wandon Juma'arsa cikin turɓaya. Leɓɓansa suka motsa, ya faɗi wani abu a cikin ƙirjinsa.

"Ba ta ji ba," in ji Husaina. "Kuma ba za ka matso ba."

Ya dubi tazarar da ke tsakaninsa da tabarmar, ya dubi matan da ke bakin murhu, da tsohuwar da ke kan turmi, da yaran da suka cika bakin zaure. Duk wanda ke nan zai ji, gobe kuma Gyaɗi-Gyaɗi za ta ji. Inna Uwani ba ta dube shi ba, idonta na kan tabarma, kafaɗunta na hawa suna sauka. Ya buɗe baki, muryar ta fito da ƙarfi, a tsage.

"Inna. Na sani tun ranar farko, na yi kamar ban sani ba. Ni na cuce ki, ba kowa ba. Inna, don Allah ki yafe mini."